Daga Dattawa Masu Ƙasa zuwa Siyasar Jam'iyyu: Shugabanci da Dimokuraɗiyya a Farkon Tarihin Amurka

Tsakanin ayyana 'yancin kan Amurka a 1776 da zaɓen shugaban ƙasa na 1840, hanyar samun mulki a ƙasar da irin mutumin da ke samunsa sun sauya ƙwarai. A farkon wannan zango, mai gandu ko lauya ko babban attajiri ne ke riƙe da muƙami, kuma abin kunya ne a gan shi ya fito ƙarara yana roƙon ƙuri'a. A ƙarshensa, jam'iyyu biyu masu rassa a kusan kowace gunduma ne ke tsayar da 'yan takara, suna haɗa gangami da jerin gwano, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na waɗanda doka ta yarje wa suna fitowa zaɓe. A cikin shekarun da aka ɗauke wa talaka farar fata sharaɗin mallakar ƙasa ne kuma aka rubuta sharaɗin launin fata da na jinsi a dokokin jihohi da dama, sau da yawa a zaure ɗaya, da hannun mutane ɗaya.

Gadon zamanin mulkin Ingila

Majalisar zaɓaɓɓun wakilai ta farko a yankunan da Ingila ta mallaka a Amurka ta zauna a Jamestown, cikin Virginia, a ƙarshen Yulin 1619. Makonni kaɗan bayan haka wani jirgin ruwa ya sauke 'yan Afirka 20 da 'yan kai a gaɓar yankin, aka sayar da su. Zuwa tsakiyar ƙarni na 18 kowanne daga yankunan 13 yana da majalisarsa mai iko da haraji, kuma a wasu wuraren har albashin gwamnan da Landan ta turo sai majalisa ta amince ake biya.

Ƙa'idar zaɓe daga Ingila aka gado ta. Tun 1430 dokar can ta ce sai mai ƙasar da ke kawo masa sule 40 a shekara ne zai zaɓi wakilin gunduma. Hujjar ita ce wanda abincinsa ke hannun wani ba shi da ra'ayin kansa: ɗan haya zai bi mai gona, bara zai bi ubangidansa, mace za ta bi mijinta. Da yake ƙasa ta fi sauƙin samu a Amurka, fiye da rabin balagaggun maza fararen fata sun cika sharaɗin a yankuna da yawa, kason da ya fi na Ingila nesa ba kusa ba. Addini ma ya shiga. Massachusetts ta taƙaita zaɓe ga cikakkun 'yan coci daga 1631, Maryland kuma ta hana Katolika a 1718.

Yawan masu zaɓe bai sa mulki ya bar manyan gidaje ba. Ranar zaɓe a Virginia, masu ƙasa kan hallara a harabar kotun gunduma, 'yan takara na zaune a gaba. Mai zaɓe ya matso, ya ɗaga murya ya faɗi sunan wanda yake so, akawu ya rubuta, ɗan takarar ya yi masa godiya. Wanda ya taɓa ganin zaɓen ƙato-bayan-ƙato zai gane nauyin da ke kan ƙaramin manomi idan mai binsa bashi na zaune yana kallonsa. Shi kuma babban mutum ana sa ran ya nuna karamci. A 1758, lokacin da George Washington ya nemi kujerar gundumar Frederick, yana can tare da dakarunsa, wakilansa suka shayar da masu zaɓe barasa da kuɗinsa, ya ci. James Madison ya ƙi bin wannan al'ada a 1777 don yana ganin ba ta dace da jamhuriya ba, sai wani mai mashaya ya kayar da shi.

Juyin juya hali da kundin jihohi

Rikicin da ya taso daga harajin kan sarki na 1765 ya tilasta wa manya neman goyon bayan maƙera, kafintoci, matuƙan jirgi da ƙananan manoma, domin da su ake ƙaurace wa kayan Ingila, da su kuma daga baya aka yi yaƙi. Ƙasidar Thomas Paine mai suna Common Sense, wadda ta fito a Janairun 1776, ta soki sarauta da gadon mulki cikin harshen da leburan tashar jirgi zai fahimta. Da aka koya wa mutane cewa ba a ɗora haraji kan wanda ba shi da wakili, da wuya a hana su tambayar dalilin da ya sa su, masu biyan haraji da ɗaukar bindiga, ba su da ƙuri'a a gida.

Jihohi sun amsa tambayar ta hanyoyi daban-daban. Kundin Pennsylvania na 1776 ya fi kowanne nisa a cikin jihohi 13: majalisa ɗaya tilo, zaɓe duk shekara, babu gwamna, kuma duk namiji ɗan 'yanci mai biyan haraji yana da ƙuri'a. Vermont, wadda ba ta riga ta shiga tarayya ba, ta cire sharaɗin dukiya baki ɗaya a 1777. Massachusetts kuwa, a kundin 1780 da John Adams ya tsara, ta riƙe sharaɗin ta kuma kafa gwamna mai ƙarfi da majalisa biyu. Tun a 1776 Adams ya gargaɗi wani abokinsa a wasiƙa cewa idan aka taɓa ƙa'idar zaɓe ba za a ga ƙarshenta ba, domin mata za su nema, samari za su nema, wanda ba shi da ko anini ma zai nema. Hasashensa ya tabbata, ko da yake an ɗauki fiye da ƙarni guda kafin ya cika.

Bayan yaƙi manoman cikin ƙasa sun ƙaru a majalisun jihohi, har aka riƙa mayar da hedkwatoci daga bakin teku zuwa ciki, kamar yadda Virginia ta koma Richmond a 1780. Waɗannan majalisu suka buga kuɗin takarda, suka jinkirta biyan bashi, abin da ya tayar da hankalin masu bin bashin. Inda majalisa ta ƙi sassautawa, kamar Massachusetts, manoma suka ɗauki makami suka rufe kotuna a tawayen da Daniel Shays ya jagoranta a 1786 da 1787. Wannan tawaye na daga cikin abin da ya gaggauta taron Filadelfiya da ya rubuta kundin tarayya.

Kundin 1787

Wakilai 55 suka halarci taron, daga Mayu zuwa Satumba, a asirce. Fiye da rabinsu sun karanci shari'a, kusan rabinsu suna da bayi. Da yawansu na ganin ciwon ƙasar shi ne majalisun jihohi sun cika bin son ran jama'a, saboda haka suka gina tsarin da muryar talaka za ta bi ta matakai kafin ta kai ga hukunci. Majalisar Wakilai kaɗai jama'a ke zaɓa kai tsaye, na shekara 2. Sanatoci majalisun jihohi ne ke zaɓarsu na shekara 6, kuma haka aka ci gaba har 1913. Shugaban ƙasa wasu wakilai na musamman ne ke zaɓarsa, kowace jiha kuma ita ke yanke yadda za ta naɗa nata. Alƙalan tarayya ba su da wa'adi. Madison ya bayyana manufar a fili a cikin jerin maƙalun The Federalist: ƙasa mai faɗi da mazaɓu masu girma za su tace ra'ayin jama'a ta hannun mutane ƙalilan masu hangen nesa, su kuma hana wani ɓangare guda danne sauran.

Duk da haka kundin ya bar ƙofofi a buɗe. Gouverneur Morris da John Dickinson sun nemi a taƙaita zaɓen tarayya ga masu ƙasa, Benjamin Franklin ya tashi ya tuna wa taron irin sadaukarwar da talakawa suka yi a yaƙi, aka yi watsi da shawarar. Aka ce duk wanda jiharsa ta ba shi damar zaɓen majalisarta mafi yawan wakilai, yana da damar zaɓen Majalisar Wakilai. Ke nan duk sassaucin da wata jiha ta yi daga baya zai shiga siyasar tarayya ba sai an gyara kundin ƙasa ba. Ba a sa sharaɗin dukiya ko na addini ga masu riƙe muƙaman tarayya ba, aka kuma yanka wa 'yan majalisa albashi, wanda ya ba marar gandu damar zama wakili.

Mafi munin abin da ke cikin kundin shi ne lissafin bayi. Wajen rabon kujeru, ana ƙirga kashi uku cikin biyar na bayin jiha a ƙara kan yawan 'ya'yanta, alhali bawa ba shi da ƙuri'a ko ɗaya. Ƙidayar 1790 ta samu mutum kusan miliyan 3.9, kusan 700,000 daga cikinsu bayi. Ƙarin kujerun da wannan ya ba Kudu a majalisa ya zama ƙarin wakilai a zaɓen shugaban ƙasa. Cikin shekara 36 na farko, 'yan Virginia masu bayi ne suka riƙe shugabanci na shekara 32.

Masu adawa da kundin sun ga inda aka dosa. A taron amincewa na jihar Niyok, Melancton Smith ya ce kujeru 65 sun yi wa ƙasar kaɗan, kuma a mazaɓa mai faɗi sai mai suna da dukiya ne zai iya ci, manomi mai matsakaicin hali ba zai kai ba. Matsin lambarsu ne ya haifar da gyare-gyare 10 na farko a 1791, waɗanda suka kare 'yancin faɗin albarkacin baki, na 'yan jarida, na addini da na taro.

Washington da haihuwar adawa

Babban jarin Washington a siyasa shi ne an gan shi ya ajiye iko da kansa. A Disamban 1783, bayan cin nasarar yaƙi, ya je gaban majalisa a Annapolis ya miƙa takardar shugabancin soja ya koma gonarsa. Duk wakilan zaɓe sun ba shi ƙuri'a a 1789 da 1792, bai nemi ko ɗaya ba. Majalisar Dattawa ta ɓata kwanaki tana muhawara kan laƙabin girmamawa irin na fada da za a kira shi da shi, Majalisar Wakilai ta ƙi, aka tsaya kan shugaban ƙasa kawai. Da ya ƙi yin wa'adi na uku a 1796 ya kafa al'adar da ba a karya ba sai a 1940.

Abin da shi da tsaransa ba su tanada ba shi ne jam'iyya. A ganinsu mutanen kirki za su haɗu kan maslahar ƙasa, duk wanda ya kafa ƙungiya don adawa da gwamnati kuwa ɗan fitina ne. Amma ɓaraka ta fara daga cikin majalisar ministocinsa. Alexander Hamilton, sakataren baitulmali, ya sa tarayya ta ɗauki bashin yaƙi na jihohi, ya kafa bankin ƙasa a 1791, ya ɗora haraji kan barasa. Thomas Jefferson, sakataren harkokin waje, da Madison suka ga wannan a matsayin hanyar mayar da ƙasar hannun 'yan kasuwar kuɗi. Juyin juya halin Faransa ya ƙara raba su: ɓangaren Hamilton, 'yan Federalist, suka karkata ga Birtaniya, ɓangaren Jefferson, da ke kiran kansu Republican, suka karkata ga Faransa. Wannan Republican ba ita ce jam'iyyar da ke da sunan a yau ba, wadda sai a 1854 aka kafa ta.

Dokar gidan waya ta 1792 ta sa aika jarida ya yi arha ƙwarai, sai rikicin manya ya isa ƙauyuka. Gomman ƙungiyoyin siyasa na masu sana'a da manoma suka ɓullo a 1793 da 1794. Da manoman yammacin Pennsylvania suka yi bore kan harajin barasa a 1794, Washington ya tara mayaƙa kusan 13,000, sannan ya ɗora wa ƙungiyoyin laifi a gaban majalisa. A 1798, zamanin shugabancin John Adams, 'yan Federalist suka yi dokar da ta sa wallafa kalaman ɓatanci ga gwamnati ya zama laifi, suka kuma tsawaita jiran zama ɗan ƙasa daga shekara 5 zuwa 14 don baƙi na zaɓen abokan hamayyarsu. An ɗaure editoci. An ɗaure Matthew Lyon, ɗan majalisa daga Vermont, wata 4 da tarar dala 1,000, mutanen mazaɓarsa suka sake zaɓarsa yana cikin kurkuku.

Zaɓen 1800

A mafi yawan jihohi 16 na lokacin, majalisun jihohi ne suka naɗa wakilan zaɓe, don haka a zaɓukan jihohi aka yi fafatawar. A birnin Niyok, Aaron Burr ya sa aka rubuta sunayen masu zaɓe unguwa-unguwa, aka bi su gida-gida, aka kai su rumfa. Da haka ya kama majalisar jihar da ƙuri'unta 12. Jefferson da Burr suka samu 73 kowannensu, Adams 65. Kundin bai bambanta ƙuri'ar shugaba da ta mataimaki ba, saboda ba a yi zaton mutum biyu za su tsaya a tikiti ɗaya ba, sai maganar ta koma Majalisar Wakilai, inda aka kaɗa ƙuri'a sau 36 kafin Jefferson ya fito a ranar 17 ga Fabrairun 1801. Gyara na 12 a 1804 ya raba ƙuri'un biyu, wanda ke nufin kundin ya karɓi jam'iyya ba tare da ya ambace ta ba.

Muhimmancin wannan zaɓe shi ne ɓangaren da ke da soja da baitulmali ya faɗi, ya kuma sauka. Sai dai masana da dama sun lissafa cewa ba don ƙarin ƙuri'un da lissafin bayi ya ba Kudu ba, da Adams ne ya ci.

Jefferson ya rage ƙasaita, ya taka da ƙafa zuwa wurin rantsar da shi. Amma hanyar fitar da magaji ta ci gaba da zama a hannun tsiraru. 'Yan majalisa na jam'iyya ne ke zama su tsayar da ɗan takara, kuma kujerar sakataren harkokin waje ta zama matakalar ƙarshe: Madison, James Monroe da John Quincy Adams duk daga kanta suka hau. Jam'iyyar Federalist ta shiɗe bayan yaƙin 1812 da Birtaniya, har Monroe ya samu duk ƙuri'un wakilai a 1820 ban da guda ɗaya.

Faɗuwar sharaɗin dukiya

A ƙasa kuwa ƙa'idojin zaɓe suna ta zaizayewa. Sababbin jihohin yamma na neman mutane su zo su zauna, don haka Kentucky a 1792, Indiana a 1816, Illinois a 1818 da Alabama a 1819 duk sun shiga tarayya ba tare da sharaɗin mallakar ƙasa ba. A gabas, birane sun cika da masu sana'a da ma'aikatan da ba su da gona amma suna biyan haraji suna kuma aikin sojan sa-kai. Karayar tattalin arziki ta 1819 ta jefa dubban mutane cikin bashi, wasu suka rasa gonakinsu tare da ƙuri'arsu, suka gane cewa dokar banki da ta bashi a majalisa ake yinta. Uwa uba, kowace jam'iyya na tsoron kada abokiyar hamayyarta ta riga ta buɗe ƙofa ta kwashe sababbin masu zaɓe.

Connecticut ta sake kundinta a 1818, Massachusetts a 1820 zuwa 1821, Niyok a 1821. A taron Niyok, babban alƙali James Kent ya yi gargaɗin cewa talakawan birni za su rinjayi masu gona su rabe dukiyar masu dukiya, aka saurare shi aka kayar da shi. Virginia ta turje. A taronta na 1829 zuwa 1830, wanda Madison da Monroe da alƙalin alƙalai John Marshall suka halarta da tsufansu, masu gandayen gabas suka ƙi sakin ragama don tsoron kada manoman yamma marasa bayi su ɗora haraji kan bayi. Sai a 1851 jihar ta sauke sharaɗin, Carolina ta Arewa kuma ta zama ta ƙarshe da ta sauke shi ga haifaffun ƙasa, a 1856.

Jackson da Van Buren

Tsohon tsari ya rushe a 1824. 'Yan majalisa 66 kawai suka halarci zaman tsayar da ɗan takara, kuma wanda suka tsayar, William Crawford, ya zo na uku. Andrew Jackson ya samu ƙuri'un wakilai 99, John Quincy Adams 84, Crawford 41, Henry Clay 37. Da yake babu mai rinjaye, Majalisar Wakilai ta zaɓi Adams da taimakon Clay, Adams kuma ya naɗa Clay sakataren harkokin waje. Doka ta halatta wannan. Amma Jackson ya fi kowa ƙuri'ar jama'a, magoya bayansa suka kira abin cinikin muƙami, kuma karɓuwar da wannan zargi ya yi ta nuna cewa mutane sun daina yarda majalisa na da hurumin tsallake zaɓinsu.

Jackson bai yi kama da shugabannin da suka gabace shi ba. An haife shi a 1767 a ƙauyen kan iyakar Carolina biyu, ya zama maraya yana ɗan shekara 14, karatunsa kaɗan ne, sunansa kuma daga yaƙin New Orleans na 8 ga Janairun 1815 ya samo shi. Ba talaka ba ne: ya mallaki gandun auduga a Tennessee da bayi fiye da 100. Amma shi ya tara dukiyarsa, bai gada ba, kuma masu zaɓe sun ga kansu a cikinsa.

Wanda ya gina masa jam'iyya shi ne Martin Van Buren, ɗan mai mashaya daga Kinderhook a jihar Niyok, wanda harshen Holand ne harshensa na farko. Van Buren ya cancanci a fi saninsa, domin shi ne na farko cikin manyan 'yan siyasar ƙasar da ya kare jam'iyya a matsayin alheri. A ganinsa, idan babu jam'iyya, mai suna da dangi ne kaɗai ke iya takara. Da jam'iyya kuwa, mutane marasa asali za su haɗa ƙarfi, su bi abin da taro ya yanke, a saka wa mai biyayya da muƙami. Yana da wata manufa ta biyu da ya rubuta a wasiƙa a 1827: ƙawancen masu gandayen Kudu da talakawan Arewa zai hana siyasa rabuwa kan bauta. Wato tun daga tushe an gina jam'iyyar Democrat don ta faɗaɗa muryar farar fata ta kuma rufe bakin masu sukar bauta.

A 1828 jihohi biyu kawai, Delaware da Carolina ta Kudu, suka rage inda majalisa ke naɗa wakilan zaɓe. Ƙuri'un da aka kaɗa sun haura miliyan 1.1, ninki uku na 1824. Yaƙin neman zaɓen ya ƙazanta, har aka shiga cin mutuncin matar Jackson, Rachel, wadda ta rasu makonni bayan zaɓen. Jackson ya ci da 178 a kan 83.

A kan mulki ya ɗauki kansa a matsayin wakilin jama'a kai tsaye, tunda shi kaɗai duk ƙasa ta zaɓa. Shugabanni 6 da suka gabace shi sun hau kujerar na-ƙi sau 10 gaba ɗaya, shi kaɗai ya hau sau 12. Mafi shahara ita ce ta Yulin 1832, lokacin da ya ƙi sabunta lasisin Bankin Amurka na biyu, ya rubuta dalilansa da nufin masu zaɓe su karanta, yana zargin masu kuɗi da juya doka don amfanin kansu. Ya kai maganar gaban jama'a ya ci da 219 a kan 49. Da sakataren baitulmali ya ƙi janye kuɗin gwamnati daga bankin, ya sallame shi. Majalisar Dattawa ta yi Allah wadai da shi a 1834, abokan hamayyarsa kuma suka haɗu a jam'iyyar Whig suna zarginsa da son zama sarki. Shugaban ƙasa mai cikakken iko da ke jingina da ƙuri'ar al'umma, irin wanda Najeriya ta ɗauko samfurinsa a kundin 1979, ya fi zama gadon Jackson a kan abin da aka zana a Filadelfiya.

Ya kuma kare sauya ma'aikata bayan zaɓe, yana cewa aikin gwamnati ba gadon kowa ba ne kuma duk mai hankali zai iya shi. Ya sauya kusan ɗaya cikin 10 a farkon mulkinsa. Tsarin ya karya riƙon tsofaffin gidaje, ya kuma buɗe hanyar sata: Samuel Swartwout, wanda ya naɗa shugaban kwastan na tashar Niyok, ya tsere a 1838 bayan an rasa fiye da dala miliyan 1.

Babban taron jam'iyya na ƙasa ya maye gurbin zaman 'yan majalisa daga 1831 da 1832, duka a Baltimore. A 1840 'yan Whig suka ari dabarun abokan hamayyarsu suka fi su iyawa. Suka tallata William Henry Harrison, ɗan babban gidan Virginia, a matsayin tsohon sojan da ke zaune a bukkar katako, shi ma ya fito da kansa yana jawabi a gangami, abin da ba a saba gani ba. Mutum miliyan 2.4 suka yi zaɓe, shugaba mai ci, Van Buren, ya faɗi da 60 a kan 234. Ƙuri'ar ba ta sirri ba ce: jam'iyya ke buga takardarta, sau da yawa da launi na daban, 'yan kallo na ganin wadda mutum ya jefa. Sai daga 1888 jihohi suka fara karɓar ƙuri'ar sirri.

Waɗanda aka rufe wa ƙofa

Kundin New Jersey na 1776 ya ba duk mazaunin da ya mallaki fam 50 damar zaɓe, kuma zawarawa, 'yan mata masu dukiya da baƙaƙen fata 'yantattu sun yi amfani da ita shekaru da dama. A 1807, bayan wani zaɓen gunduma mai cike da maguɗi, majalisa ta yi doka guda da ta sauƙaƙa sharaɗin ga namiji farar fata mai biyan haraji, ta kuma cire mata da baƙaƙe. Maryland ta yi irin wannan haɗi a farkon ƙarnin. Taron Niyok na 1821 da ya buɗe wa fararen fata ƙofa shi ya ɗora wa baƙar fata sharaɗin kadarar dala 250. Tennessee ta cire su a 1834, Carolina ta Arewa a 1835, Pennsylvania a 1838. A Filadelfiya wannan ya shafi har James Forten, attajirin maɗinkin filafilan jirgi wanda ya yi yaƙin 'yanci a teku yana yaro. Bayan Maine, wadda ta shiga a 1820, duk jihar da ta shiga tarayya kafin yaƙin basasa ta taƙaita zaɓe ga farar fata. Bayi kuwa sun kai kusan miliyan 2.5 a 1840.

Dalilin bai ɓuya ba. Muddin dukiya ce ma'auni, ana iya hana mace ko baƙar fata ba sai an ambace su ba. Da ma'aunin ya faɗi, dole a faɗi wanda ake nufi da jama'a, aka kuma faɗa.

Ga 'yan asalin nahiyar, ƙaruwar ƙarfin masu zaɓe masifa ce, domin abin da manomin kan iyaka ke so daga wakilinsa shi ne ƙasarsu. Al'ummar Cherokee suna da rubutunsu, da kundin tsarin mulki tun 1827, da jarida tun 1828. Dokar kwashe su ta 1830 ta wuce Majalisar Wakilai da ƙanƙanin rinjaye. Kotun Ƙoli ta yanke a 1832 cewa dokokin jihar Jojiya ba sa aiki a ƙasarsu, ba a aiwatar da hukuncin ba. A 1838 da 1839 aka kora kusan 16,000 zuwa yammacin kogin Mississippi, kuma ana ƙiyasta cewa kusan 4,000 sun mutu. Wannan ne ya raba masana tarihi kan Jackson: Arthur Schlesinger ƙarami, a littafinsa na 1945, ya ɗauke shi gwarzon ma'aikata, Daniel Walker Howe kuwa a 2007 ya ɗauki fifikon farar fata a matsayin ginshiƙin siyasarsa.

Waɗanda ba su da ƙuri'a sun koma ga takardar koke. Mata sun tattara sa hannu a kan kwashe Cherokee, daga baya kuma a kan bauta, har koke-koken suka cika majalisa. Daga 1836 zuwa 1844 Majalisar Wakilai ta kafa ƙa'idar ajiye duk koken da ya shafi bauta ba tare da an karanta ba. John Quincy Adams, wanda ya shiga majalisar a matsayin wakili a 1831, ya yi ta faɗa da ƙa'idar har aka soke ta. A 1848 taron Seneca Falls ya nemi a ba mata ƙuri'a a fili.

Rhode Island ta nuna yadda lamarin ya cakuɗe. Har 1841 tana aiki da takardar da sarkin Ingila ya ba ta a 1663, da sharaɗin ƙasar dala 134, wanda ya bar fiye da rabin maza fararen fata ba ƙuri'a bayan masaƙu sun cika jihar da ma'aikata. Thomas Dorr da magoya bayansa suka kira taron kansu, suka rubuta kundi, suka zaɓe shi gwamna a 1842, jihar ta wayi gari da gwamnati biyu. Kundin nasu ya cire baƙaƙen fata, duk da Dorr kansa bai so haka ba, sai baƙaƙen Providence suka mara wa tsohuwar gwamnati baya. Yunƙurin Dorr na kama rumbun makamai ya ci tura, aka yanke masa ɗaurin rai da rai a 1844, aka sake shi a 1845. Sabon kundin da ya fara aiki a 1843 ya ba haifaffun ƙasa masu biyan haraji ƙuri'a, har da baƙaƙen fata, amma ya bar sharaɗin ƙasa a kan baƙin da suka zama 'yan ƙasa, galibinsu Katolika 'yan Ailan, har zuwa 1888. Da maganar ta kai Kotun Ƙoli a 1849, kotun ta ce tantance wace gwamnati ce halastacciya a jiha aikin majalisa da shugaban ƙasa ne, ba na alƙalai ba.